Inna da Tsanin Mutane

Shekarun baya kaɗan, mahaifiyata ta zo wurinmu a Riyad aka yi mata aiki a gwiwa. Abin da ya tuno min da labarin, jiya wata 'yar'uwa ta tambaye ni a wannan zaure wane wasa zan ba ta shawara ta sa wa tata mahaifiyar a waya. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Gara dai in ba ku labarin, kowa ta yanke wa kanta hukunci.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Sai dai likita ya ce saura gashi: sati takwas ana kai ta asibiti ana motsa ƙafar, in ba haka ba gwiwar ta sandare, wahalar duk ta tashi a banza. Ko sati ba a rufa da fara gashin ba Inna ta ce a saya mata tikiti, gida za ta.

Ban ga laifinta ba. Matar da a gida tun da hantsi tsakar gidanta cike yake, wannan ta zo aron turmi, waccan ta kawo jariri a duba masa cibiya. A nan kuwa hawa na huɗu, ƙofa a rufe, labule a sauke, na'urar sanyi na ta gurnani. Maigidana ya fita aiki tun da safe, yara in sun dawo makaranta su yi ta zuba mata Larabci tana bin su da "to, to". Mun tura ta a keken asibiti har tsohon garin Dir'iyya ko za ta sake. Ta kalli katangun nan ta kalle ni.

"Ginin ƙasa kuka ɗauko ni in gani? A cikinsa fa aka yanke min cibiya."

Ni kuma ina da wani ɗan sirri. In na ɗora tukunya ko ina jiran injin wanki, wasa nake yi a waya. Irin wasannin nan da ba gudu, ba harbi, ba agogon da ke kora ki. Hoto ne na ɗaki ko kasuwa ko bakin rijiya. Ki taɓa wuri da yatsa, mutumin cikin wasan ya taka ya je. Ki taɓa akwati ya buɗe, ki taɓa makulli ya ɗauka ya jefa a jaka, can gaba ki tarar da ƙofar da makullin zai buɗe. Labari ne, amma ke kike tura shi. Sai na ce a raina, in Inna ta kama irin wannan, son ganin ƙarshe zai zaunar da ita.

Neman wanda ya dace da ita kuwa, Allah kaɗai ya san abin da na sha. Wannan da kin buɗe sai kiɗa kamar an shiga zauren biki. Wancan lafiya lau har ɗaki na uku, sai ga fatalwa ta leƙo daga madubi. Wani yarinyar cikinsa ta sa kayan da ko a uwar ɗaka ba zan iya sa su ba. Wani duk bayan taku biyu sai ya tsaya ya yi miki tallar caca. Wanda ya tsira daga duk waɗannan kuma sai ki ga Turanci zuƙui-zuƙui kamar takardar kotu, ni da nawa ya tsaya a sakandare ma sai na yi da gaske, balle Inna.

Na tambaya a zaurenmu na waya na matan da ke zaune a Riyad. Wata ta turo min na jera alewa kala-kala. Wata ta turo karta. Karta, ga Hajiya! Wata kuma ta turo saƙon murya mai tsawo a kan illar ɓata lokaci, a ƙarshe ta rage murya ta ce in na samu mai kyau in tura mata ita kaɗai. A satin nan sau biyu ina ƙona shinkafar kabsa. Maigidana ya ɗanɗana ya ce, "Wannan sabon salo ne, ko waya ce ta dafa?"

Daga ƙarshe na samu. Wata tsohuwa ce mai kallabi, akuyarta ta tsinke igiya ta gudu, ana bin sawunta a ƙauye. Ba rubutu, ba magana, sautin ma ana iya kashewa. Kwana biyu na yi na kai ƙarshensa, na bi shi lungu-lungu kamar mai tsince shinkafa. Ba kiɗa, ba tsiraici, ba tsafi, ba caca. Na ce na gama da wannan matsala.

Da na miƙa mata wayar sai ta kawar da kai. "Da tsufana?" Can ta saci kallo. "Da wannan 'yar igiyar aka ɗaure akuya? Ai dole ta tsinke." Shi ke nan, ta karɓa. Na nuna mata yadda ake taɓawa, ta shiga ɗakin tsohuwar ta ɗauki ƙwarya, ta ɗauki sanda, ta ɗebi dusa. Ranar har dariya ta yi, ba ta ambaci tikiti ba.

Washegari aka hango akuyar a kan rufin wani rumbu. Sai da tsani. Tsanin kuwa ga shi can jingine a tsakar gidan da ke kusa, ƙofa a buɗe.

Na ce, "Inna, shiga ki taɓa tsanin."

"Gidan wa ye?"

"Na maƙwabcinta ne."

"Yana ciki?"

"Babu kowa."

"To a jira shi."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kusanto da wayar bakinta ta yi sallama sau uku, tana ɗan dakatawa a tsakani. Da ba a amsa ba sai ta jingine wayar a jikin matashi, ta jawo carbinta. Tsohuwar na tsaye a ƙofar gida, Inna na zaune tana jira, har aka kira azahar.

Kwana uku muna haka. Na yi bayani har bakina ya bushe.

"Inna, ba zai dawo ba. Haka aka tsara wasan, duk abin da kika gani ɗauka ake yi."

"Wa ya tsara? Ba shi da iyaye ne?"

A rana ta huɗu na ga ta fara kallon akwatinta irin kallon da na sani. Da ta shiga alwala sai shaiɗan ya raya min. Taɓawa biyu kawai na yi, ɗaya ƙofa, ɗaya tsani. Na mayar da wayar yadda take, na koma ina ninke kayan wanki kamar mutuniyar kirki.

Ta fito tana dogara sandarta mai ƙafa huɗu, ta zauna, ta ɗauki waya. A ƙasan hoton akwai jakar da ke nuna duk abin da ke hannun tsohuwar. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Wa ya ɗauko tsanin mutane?"

"Inna, zane ne fa."

"Tsanin zane ne. Yatsan da ya ɗauka kuma na wa ye? Mayar."

Na ja tsanin na kai jikin bango, ya dawo jaka. Na sake ja, ya sake dawowa. Duk mai irin wannan wasa ta sani, abin da ya shiga jaka ba ya komawa wurin mai shi.

"Ashe abin da kike yi ke nan in kin shige kicin," in ji ta a hankali. "Shiga gidajen mutane kina buɗe musu akwati."

Da maigidana ya dawo da la'asar ya durƙusa daga bakin ƙofa yana gaishe ta, sai ta ce Juma'ar nan take son tafiya. Kansa a ƙasa ya ce, "To Hajiya, Allah ya kai mu." Ya biyo ni kicin.

"Me kika yi mata?"

"Tsani na sata."

Ya kalle ni, ya kalli tukunya, ya ce innalillahi ya fita. Ni kuwa na tsaya ina hawaye a kan albasa, rabi na takaici, rabi na tsoro. Gwiwar nan ko rabi ba ta fara lanƙwasuwa ba. In ta tafi a haka, ni na jawo.

Da safe na durƙusa gabanta, uwar 'ya'ya uku, na nemi gafara a kan tsanin cikin hoto. Na goge wasan aka koma farko. Sai da ta tura tsohuwar har ƙofar gidan ta leƙa ta ga tsani a wurinsa, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Daga nan ba ta koma jira ba, yawo ta shiga yi. Ta tura tsohuwar zuwa kasuwa, ta tsaya gaban wani mai kankana da na wuce sau da yawa ban ko dube shi ba.

"Ga mai gidan."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ba ki ga shanyarsa ba? Irin rigar nan ce a kan igiya, har facin aljihun."

Ta gyara murya. Ta yi masa sallama, ta tambaye shi kasuwa, ta tambaye shi iyali, ta ba shi labarin akuya tun daga tsinkewar igiya, sannan ta roƙi aron tsani. Ta taɓa shi da yatsa. Ya gyaɗa kai.

"Kin gani? Da an tambaya."

'Yan'uwa, mutumin nan ko sau ɗari kika taɓa shi gyaɗa kai zai yi. Iyakar abin da aka zana masa ke nan. Na buɗe baki zan faɗa, Allah ya taimake ni na rufe. Sannan ta je ta ɗauko tsanin da kanta.

Ranar Alhamis maigidana ya tambaya cikin ladabi ko a fara haɗa kaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ina zan je da tsanin mutane a hannuna? Sai na mayar."

Na yi hamdala, ban san sabuwar wahala na shiga ba. Tsani ya yi gajere, sai an haɗa da igiya. Igiya sai guga, guga sai fitila, fitila sai makulli, kuma kowane sai Inna ta nemo mai shi ta gaishe shi. Akwai wata mata a bakin rijiya mai ɗaure fuska, in an taɓa ta sai ta girgiza kai. Igiyar tata ce. Ni da na yi nawa, jira na yi ta juya baya na fizge. Inna kwana tara tana zuwa gaishe ta kowace safiya.

"Wataƙila wani abu ke damunta," in ji ta.

"Inna, ba abin da ke damunta. Zane ce!"

"Ke dai ba ki da haƙuri, tun kina yarinya."

Ina zaune gefenta na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada in taɓa. A rana ta tara ta ɗauki ƙwai daga akurkin tsohuwar ta kai wa matar. Sai ga matar ta yi murmushi, ta miƙo igiyar da hannunta. Wallahi ban taɓa sanin an zana mata murmushi ba. Inna ta juyo ta yi min wani kallo wanda da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Haka muka yi ta yi. A asibiti mai gashin na lanƙwasa ƙafa tana cewa "yalla Mama, yalla", Inna na cije baki tana ba ta labarin akuya da Hausa. Wasan da na gama a kwana biyu sai da ya ci mana sati bakwai. Ranar da akuya ta sauko, tsohuwa ta rungume ta, hoto ya tsaya. Inna ta jira.

"Ina wurin mayar da kaya?"

"Ya ƙare, Inna."

"Ga tsanin can jingine a rumbu."

"Haka suke ƙarewa."

Ta yi tsaki mai tsawo. Amma a lokacin likita ya riga ya sallame ta. A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da ƙafarta ta taka, sanda ɗaya kawai a hannu, ta ƙi keke. Da muka zo rabuwa ta yi min addu'a har na fara kuka. Sai ta zaro wayar daga jakarta ta damƙa min a tafin hannu.

"Amana ce. Ki nemi hanya ki mayar wa bawan Allahn nan tsaninsa."

Sau huɗu na sake wasan daga farko. Babu hanya. Har yau in na kira ta ranar Juma'a, bayan gaisuwa da tambayar yara, sai ta ce, "An mayar?" In ce, "Ana kan ƙoƙari, Inna." Kuma har yau abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai in na tuna, na tace wasan nan na cire kiɗa, na cire tsiraici, na cire caca, ina ji da kaina, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa shiga gidan mutum ba izini ma abin dubawa ne. Shekara nawa ina yi, ban taɓa jin komai ba.

To 'yar'uwa mai tambaya, ga shawarata. Ki nemi wanda ba rubutu, ba agogo, ki kashe sautin, ki yi shi da kanki har ƙarshe kafin ki miƙa mata. Ki lura da gidaje nawa ake shiga da kayan mutane nawa ake ɗauka. In kuma ta shiga alwala, ki bar ɗakin gaba ɗaya.

Shekaranjiya na buɗe wani sabo ina jiran miya ta nuna. Na kai mutumin cikin wasan ƙofar wani gida, ban san lokacin da sallama ta fito daga bakina ba. Daga falo maigidana ya amsa.

"Wa alaikumus salam. Ba ya nan, a jira shi."