Wa Ya Sha?

Ranar wata Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, mu uku ne a ofishin shugaban sashen labarai: shi, da ni, da wata tsohuwar abokiyar aiki da ya kira ta zama shaida. Bai yi min faɗa ba. Labaran da na karanta da safiyar ranar ya kunna, muka saurara tare. Na ji kaina ina jan kalmomi, na tsallake layi biyu, na kira sunan gari ɗaya sau uku kafin ya fita daidai. Da ya kashe, sai ya ce ya cire ni daga karanta labarai. Idan na daina abin da nake yi kafin ƙarshen damina, zai mayar da ni. Idan ban daina ba, ni da ɗakin watsa shirye-shirye mun rabu ke nan.

Abin da nake yi shi ne shan maganin tari mai kodin. Don maƙogwaro na fara, wata shekara da mura ta kama ni aiki ya yi yawa. Murar ta tafi, kwalbar ta yi shekara huɗu a jakata.

Likitan da na gani ya ba ni magani, ya kuma ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, in nemi masu irin matsalata in riƙa zama da su. Wurare biyu ya faɗa min. Ɗaya a Yerwa, a zauren wani malami, inda ake karatu da istigfari sannan a tattauna. Ɗayan a Bolori, a wani ɗaki bayan ƙaramin asibiti, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Borno ce ke jagoranta, kuma ba a buɗewa da addu'ar kowa saboda Musulmi da Kirista ne a haɗe. Duka biyun ranar Alhamis bayan la'asar suke zama, don haka dole in ɗauki ɗaya.

Ban yi dogon tunani ba na nufi Yerwa. A ganina wanda ya yi saɓo wajen malamai zai je. Ina yin sallama malam ya ɗago kai, ya tare ni da sannu irin ta Barebari.

"Wannan murya ai mun san ta! Wushe, wushe. Ku matsa ku ba shi wuri."

Ya sa aka shimfiɗa min darduma kusa da shi. Ya ɗauka gidan rediyo ne ya turo ni in yi shiri a kansu, ni kuma ban gyara masa ba. Da za a tashi ya ce in yi wa mutanen nasiha. Na yi ta tsawon minti bakwai, ba tuntuɓen harshe ko ɗaya. A hanyar gida na tsaya kemis.

Sau uku na je. Karatun yana ratsa ni, kuma na ga mutanen da zauren nan ya tsamo da gaske. Amma kowane zuwa a kan dardumar baƙo nake zama, kuma damina tana tafiya.

Alhamis ta huɗu sai na nufi Bolori. A can kujerun roba ne aka jera a zagaye, fanka ba ta aiki. Ma'aikaciyar jinyar, wadda kowa ke kira Sista, ta faɗa min ƙa'ida: ba a faɗin suna, kuma abin da aka ji a ɗakin a bar shi a ɗakin. Ɓoye suna ba zai amfane ni da komai ba, don ba da suna aka fi sanina a garin ba. Zama biyu ban ce uffan ba, gaisuwa ma da kai nake yi. A na uku Sista ta dube ni.

"Yallaɓai, yau ma shiru? Ba dole ba ne, amma kujerar ta fara gajiya da kai."

Na gyara zama na ce, "A makon da ya gabata an samu koma baya. An sha sau biyu, ranar Lahadi da ranar Laraba. Ana sa ran al'amura za su daidaita."

Daura da ni akwai wani dattijo Babarbare, manomin shinkafa daga Zabarmari, wanda tiramol ta kama saboda aikin gona. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, Sista ma "kai" yake ce mata. Ya juya wajenta.

"Sista, kai ka ji? An sha. Malam, wa ya sha?"

"Baba, ai na yi bayani."

"A'a, labarai ka karanta. Saura ka ce mana gwamnati ya yi Allah wadai."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har wata malamar makaranta da ke gefensa tana share ido. Ya nuna ƙirjinsa.

"Ni na sha ƙwaya." Ya nuna malamar. "Wannan, shi ya sha giya, shi ya faɗa da bakinsa. Kai kuma an. Wane ne An ɗin nan? Ka kawo shi Alhamis mai zuwa mu gan shi, tunda shi ne ba shi da lafiya."

Shekara ashirin ina cin abinci da wannan kalma. An kama, an rufe, an bayyana. Ita muke ɗauka idan ba mu san wanda ya aikata ba, ko mun sani ba ma son faɗa. Kalma ce mai amfani, ta hana ni shiga rigima sau da yawa. Ban lura na tafi da ita gida ba. Ranar da aka dakatar da ni, abin da na ce wa matata shi ne an ɗan samu matsala a ofis. Ga mutumin da, in da gwajin ɗaukar aiki ya zo gabana, da na kayar da shi tun jimlar farko, ya kama kuskuren da ba wanda ya taɓa kama min.

Na ce, "Na sha."

Muryar da ta fito ba ta rediyo ba ce, siririya ce, kuma ta karye a tsakiya.

Sista ta ce, "Sau nawa?"

"Sau huɗu. Ba biyu ba."

Dattijon ya miƙo min hannu. "To, yanzu ka zo. Wushe."

A yammacin ranar na faɗa wa matata da irin wannan jimla. Ranar Asabar kuma na koma Yerwa ni kaɗai, na samu malam bayan azahar, na faɗa masa abin da ya kai ni zaurensa tun farko.

"Laifina ne," ya ce. "Na ba ka darduma ban tambaye ka me ya kawo ka ba. Can ɗin yana yi maka amfani?"

Na ce yana yi.

"To ka riƙe shi. Alhamis tasu ce. Ni kullum ina nan."

Na yi zaton zai ja ni, bai ja ba, kuma ina gode masa a kan haka kamar yadda nake gode wa manomin. Nakan je wajensa ranar Asabar, in zauna a tabarma tare da sauran.

A tsakiyar damina na sake sha sau ɗaya, na faɗa a ɗakin, na kuma faɗa wa shugaban sashenmu. Ya ƙara min wata guda a kan wa'adin, sannan ya mayar da ni karanta labaran rana. Manomin ya daina zuwa Bolori bayan girbin shinkafa. Sista ta ce ya koma wani zama irin namu da aka buɗe kusa da su.