Sandar Awon Goggo Radka

Goggo Radka, yayar mahaifina, ba ta taɓa ɗinka wa mutum riga ba. Shekara arba'in da ɗaya tana ɗinki, amma jiragen sama take yi wa sutura. Tsofaffin jiragen nan masu fiffike hawa biyu da ke filin bayan garinmu, kusa da kogin Danube, katako ne da waya, sai yadin lilin da ya rufe su. Ita ke shimfiɗa yadin, ta bi kowane haƙarƙarin katako da doguwar basilla da zare mai kakin zuma, kowane ɗinki da ƙullinsa. Daga nan a shafa fenti hawa-hawa har yadin ya ɗaure kamar fatar ganga.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Kusa da jikin jirgi, inda iskar farfela ke dukan yadi da ƙarfi, tazarar ƙulli yatsa biyu. Can wajen bakin fiffike, yatsa huɗu. Tana da sandar awo mai tsaga a gefe biyu, gefe ɗaya na kusa, ɗaya na nesa.

Shekarar da na dawo daga karatun injiniya a Kanada, ƙungiyar matuƙan garin ta gama farfaɗo da wani jirgin koyon tuƙi na kafin yaƙin duniya na biyu da aka tsinta a rumbun taba. Shekara biyu suna kansa, Goggo ce ta ɗinka fikafikansa. Goggo ta laƙaba mini “injiniyan takarda”, amma ta ce in zo in gani.

Al'adar filin ita ce, ranar tashin farko wanda ya ɗinka fiffiken shi ke zama a kujerar gaba. Kafin ya hau kuma sai ya zagaye jirgin yana shafa aikinsa da tafin hannu.

Safiyar ranar tashin, duk gari ya fito. Ga magajin gari, ga 'yan badujala, ga mata da farantan banitsa mai zafi, gasasshiyar fulawa da cuku. Boyan matuƙi ya riga ya shiga kujerar baya, 'ya'yansa mata biyu suna ɗaga masa hannu daga bayan igiyar da aka tare jama'a da ita. Goggo ta fara zagayenta. Da ta iso fiffiken ƙasa na hagu, daf da jikin jirgin, hannunta ya tsaya. Na ga ta jera yatsu a kan ƙullayen da ke ƙarƙashin fentin. Ta zagaya dama ta jera, ta dawo hagu ta sake.

Na matsa kusa. Ba ta dube ni ba ta ce, “Huɗu ne, ba biyu ba. Sandar ce ta juya mini a hannu, ban gani ba.”

A nan na gane abin da ta ɓoye wa kowa tun bara. Idonta ya tafi. In ta yi magana, duk filin zai sani.

Ta ce, “Kai da ka yi karatu, zai riƙe?”

“Mai yiwuwa, in zagaye ɗaya ne.”

“Mai yiwuwa suka koya maka a Kanada?”

Na ce, “Ban sani ba, Goggo. In ƙulli ɗaya ya saki, iska za ta shiga ƙarƙashin yadin ta ɗaye shi gaba ɗaya.”

Ganco, shugaban ƙungiyar, ya iso yana duba agogo. “Radka, shafar ta isa haka, ba miji ba ne. Hau mu tafi.”

Ta gaya masa, a fili, ba ta rage komai ba. Fuskarsa ta sauya. Ya waiwaya wajen magajin gari, ya rage murya. “Wa ya sani ban da mu? A yi zagaye ɗaya, mutane su tafa, gobe ki farke abinki. Sunanki ma nake karewa.”

Boyan ya leƙo daga sama yana dariya. “Goggo, na tuƙa waɗanda addu'a kawai ke riƙe da su. Ko tsoron hawa ne ya zo miki da tsufa?”

“Ni in na faɗo, an huta da surutuna. Waɗancan biyun na bayan igiya fa, wa zai gaya musu?”

Boyan ya daina dariya, amma bai sauko ba. Ganco ya ɗaga wa makaniki hannu. Mutumin ya je gaban jirgi ya kama farfela zai murza, 'yan badujala suka fara busa.

Goggo ta sa hannu a aljihun rigar aikinta ta zaro almakashi. Ta soka shi a yadin, ta ja shi tun daga gaban fiffiken har baya. Yadin ya yi ƙara kamar an fasa ganga. Makanikin ya saki farfela. Busa ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ta juya wajen jama'a ta ce, “Ɗinkina ne bai yi ba. Ba laifin kowa.”

Mutane suka ci banitsa suka watse. Ganco ya yi wata guda ba ya gaishe ta.

Sati shida ta yi tana sake fiffiken. Kafin ta fara, ta sa aka tsaga sandar biyu da zarto, ta ɗaure wa ta kusa ƙyalle don hannunta ya riƙa ganewa. Ranar da jirgin ya tashi, mu bakwai ne a filin. Ta zauna a kujerar gaba, suka yi zagaye uku. Da suka sauka ta miƙa wa Ganco basillarta, ba ta ƙara ɗinki ba.

Yanzu ko fuskata ba ta iya gani. Amma duk sabon fiffiken da aka ɗinka a filin, Boyan kan zo da mota ya ɗauke ta. Ba ya hawa sai ta gama shafawa.