Tsakiyar Idon Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallon fuskata. In za ta yi mini magana sai ta dubi bango ko bakin ƙofa. Haka muka taso a Rawayya, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Ta daɗe da ciwon jijiya. Likitoci a Gusau sun ce garkuwar jikinta ce ke cin rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa. Ban tabbata na fahimci bayanin duka ba, ko da yake na yi bincike iya ƙoƙarina. Abin da muka sani a gida shi ne ciwon yakan zo ya tafi. Ƙafa ta mutu, bayan wani lokaci ta farfaɗo. Har ido ya taɓa yi mata hazo, ya kuma washe. Sai muka koyi jira.

Lokacin ina aiki a Tsafe. Duk zuwana gida nakan lura da tafiyarta, da yadda take riƙe ludayi, da ragowar maganinta. A idon ne ban ga canji ba, tunda kau da kai take yi kamar kullum.

Autarmu, wadda ke aure a Bungudu, ita ta gano.

"Yaya, Inna fa ta fara jin kunyata."

"Ke? Wa ke jin kunyar auta?"

"Ina magana tana kallon kunnena. Na ce Inna, ko kin mai da ni ɗan fari ne? Ta ce in rufe mata baki."

Da autar ta matsa mata, Inna ta ce ai an jima tsakiyar abu na ɓace mata, sai ta karkata ido take ganin mutum. Ta yi shiru ne tana jiran ya wuce kamar sauran.

Likitan ido a Gusau ya ce wannan daban ne. Wurin da ke tantance fuska a can bayan ido ne ke lalacewa, abin da tsufa kan kawo, kuma ba ya tafiya da kansa. Na tambaye shi ko tsohon ciwon ne ya jawo, ya ce ba zai iya yanke hukunci ba. Idon dama ya riga ya yi tabo. Na hagu mai yiwuwa a tare shi da allura a cikin idon, a babban asibiti a wata jiha, in ba a ƙara jinkiri ba.

Ya rufe mata na dama, ya nuna ni.

"Inna, dubi fuskar ɗanki, ki gaya mini abin da kike gani."

Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita. Ita ba ta ɗago ba, ni ban iya yi masa bayani ba. Autar ta ture ni ta zauna a wurin.

"Ga tawa, ta ma fi kyau."

Inna ta duba. Ta ce tana ganin ido biyu, amma hancin ya karkace.

A hanyar komawa Inna ta ce ita ba za a soka mata allura a ido ba, a bar shi, zai wuce. Autar ta ce likita ya ce ba zai wuce ba, hancin ne yau, gobe fuskar duka. Muka isa gida. Sai da Inna ta sauka, ta dogara sandarta, sannan ta ce wa autar, "Ce wa wancan ya nemo mota."

Muna zuwa asibitin yin allurar har yanzu. Na hagun bai ƙara lalacewa ba, amma likita bai ce ya tsaya ba, ni ma ba zan ce ba.