Littafin da Halilu Ya Sauko da Shi

Malam Halilu ya rasu ana tsakar yankan gero, muka kai shi makwancinsa a ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka shiga firamare. Ni na tsaya nan, shi ya wuce, har ya samu aiki a ɗakin karatu na wata babbar kotu a Kano. Mutanen gari Lauya suke ce masa. Ya sha gaya musu cewa shi littattafan shari'a yake kula da su, in alƙali ko lauya na neman hukuncin da aka taɓa yankewa kan wata magana, shi ke lalubo musu. Da ya gaji, sai ya bar su da sunansu.

Shekarun tsuke bakin aljihu a can suka same shi. Aka daina sayen sababbin littattafai, rufi ya fara yoyo, gara ta shiga kantoci. Ya ɗora ƙafafun kantocin kan duwatsu kamar rumbu, yana ɗinke waɗanda suka yage da zare da allurar matarsa Luba. Duk da haka wasu sun salwanta, har lauyoyi suka saba jin "gara ta ci" su juya.

A shekarun ne aka rufe masaƙar da wani ɗan ƙauyenmu, Mika'ilu, ke aiki a birni. Ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙauye, ya ce a ba shi gonar bakin rafi, wadda mahaifinsa ya ba mahaifin Halilu aro tun muna yara. Badaru, yayan Halilu, shi ke nomanta, da ita yake riƙe gida cike da baki. A ƙasarmu gona manne take da gona, wanda ya rasa tasa ba shi da dajin da zai sara. Alƙalin farko ya bar wa Badaru saboda daɗewarsa a kai. Mika'ilu ya ɗaukaka ƙara, aka kawo ta kotun su Halilu.

Badaru ya hau mota ya same shi. Ya ce ba roƙon alƙali yake so ya yi masa ba, kawai in lauyan Mika'ilu ya shigo, kada ya kama masa. Halilu ya sunkuyar da kai.

Lauyan kuwa ya zo, wani matashi mai ladabi, bai san da ƙanin wa yake magana ba. Ya zayyana shari'ar, ya ce ya taɓa jin an yanke hukunci cewa aro ba ya zama mallaka komai daɗewa, amma bai san a wane littafi yake ba. Halilu ya sani. Guda ɗaya ya rage, yana can kantar sama, da hannunsa ma ya ɗinke shi. Da ya ce gara ta ci, da magana ta ƙare. Ya tsaya yana goge teburin da ba ƙura a kansa, 'ya'yan Badaru na gilma masa a ido. Can sai ya jawo tsani.

Gona ta koma hannun Mika'ilu. Halilu da bakinsa ya je ya faɗa wa yayansa abin da ya yi, daga ranar Badaru ya daina amsa gaisuwarsa. Ana sallar idi sahu ɗaya, a watse kowa ya kama hanyarsa. Halilu kan sayi buhun dawa a kasuwar Dawanau ya aiko, matan gida su karɓa a ɓoye, Badaru ya ci tuwon bai tambayi daga ina ba. Wannan gaba ta ci Halilu fiye da ciwon da ya kwantar da shi daga baya. Bai taɓa yi mini alfahari da abin ba. Iyakarsa ya ce da aka damƙa masa ɗakin, ba a ce ban da ranar da abin ya zo kansa ba.

Da jiki ya yi tsanani bayan ya yi ritaya, aka dawo da shi gida. Wata la'asar muna zaune sai ga sallamar Badaru, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya zauna bakin tabarma ya dubi Halilu.

"Wai littafin nan naka, babba ne?"

Halilu ya gwada masa kaurinsa da yatsu, ya ce amma hukuncin shafi biyu ne kacal.

"Shafi biyu," in ji Badaru. "Gonar da sai an yi mata gayya. Kai dai tun kana yaro ba a aikenka ƙarya, mu sha duka saboda kai."

"Ka yafe mini, Yaya."

Badaru ya ɗauki kofin kunu ya tallafo wa Halilu kai, ya ce ya sha kada ya huce. Bai bar ɗakin ba sai da aka kira magariba, washegari kuma ya dawo.

Ranar jana'iza matasa suka so hana Badaru shiga kabari saboda ciwon gwiwa, ya ture hannunsu ya sauka kabarin da kansa ya karɓi ƙaninsa. Allah ya jiƙan aminina Halilu, ya sanyaya masa makwanci.