Ranar da Na Ce wa Goggo Kada Ta Motsa

Ban taɓa jin sunan abin kiɗan da ake kira teramin ba sai da muka kama haya kusa da gidan Mama a Birnin Kebbi. Mama 'yar jihar Filato ce, ta daɗe tana koyar da waƙa a wata makarantar firamare, ita ce kuma ke jagorantar mawaƙan cocinsu. Marigayi mijinta mai gyaran rediyo ne, shi ya haɗa mata abin da hannunsa.

Wata la'asar ina kwashe shanya na ji wata siririyar murya ta tsallako katanga, tana hawa tana sauka kamar mace na kuka a hankali don kada a ji ta. Ni kuwa tun ina sakandare nake sayen littattafan soyayya a kasuwa, saboda haka nan take na ƙaddara wata amarya ce angonta ya yi tafiya. Na yafa mayafi na shiga don in lallashe ta. Sai na tarar da tsohuwa ita kaɗai a tsaye gaban ƙaramin akwatin katako, hannuwanta biyu cikin iska, ba ta taɓa komai ba, ga muryar tana fita daga lasifika.

Akwatin yana da ƙarfe biyu. Na dama a tsaye yake kamar sanda: in hannunka ya matso shi murya ta yi sama, in ya ja baya ta yi ƙasa. Na hagu a lanƙwashe yake kamar kunnen tukunya: in ka sauke hannu kansa sai shiru, in ka ɗaga sai ƙara. Babu tsirkiya, babu abin dannawa, babu wata alama da za ta nuna maka inda sautin yake. Ranar na koma gida ina hango kaina cikin farin leshi, jama'a na share hawaye, mijina a can baya yana kallona kamar ranar da ya fara ganina.

Darasin farko ya wanke mini wannan mafarkin. Abin da na fitar ya fi kama da kukan akuyar da aka ɗaure a rana.

"Cire awarwaron nan," in ji Mama. "Ki buɗe ƙafa, ki tsaya. Ba rawa muka zo yi ba, 'yata."

Ta haɗa mini babban yatsa da manuni kamar zan ɗauki gishiri, ta ce sauran yatsun su ne za su riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, damtse kuwa ya tsaya cik. Ni kuma da dukan hannu nake bin sautin, in wuce shi, in dawo, in sake wuce shi. Na fi son in girgiza hannu don muryar ta yi rawa irin ta mai shauƙi.

"Wannan girgizar ɓoye kuskure kike yi da ita," ta ce. "Ki fara samun sautin a tsaye. Kukan ya jira."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akwatin yana jin komai. In na ja dogon numfashi sai sautin ya goce. In kyanwar Mama ta gifta ta dama sai ya goce. Mama ta ce duk mai rai da ya matso sandar nan ya shiga cikin waƙar, ko ya sani ko bai sani ba.

Ina cikin wannan fama ta gaya mini za ta yi ritaya ta koma garinsu bayan an yi girbin shinkafa. 'Ya'yanta ba su damu da abin ba, kafaɗarta kuma ta fara ciwo. Ta ce za ta bar mini shi, amma da sharaɗi: in kaɗa mata wata waƙar reno ta ƙauyensu da ta koya mini, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In na kasa, za ta tafi da shi.

"Ba zan bar aikin mijina a inda za a ɗora masa kwanon tuwo ba," ta ce, ba ta yi dariya ba.

Ta ba ni aronsa na kai ɗakina. Kullum in mijina ya fita zuwa gonakin Zauro sai in tsaya gabansa har kafaɗata ta yi zafi. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar da murya ke tsalle sama, nan nake faɗuwa kullum. Wata rana na yi ta faɗuwa har na fashe da kuka, na lulluɓe akwatin da zani, na hau mota zuwa Argungu wurin Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Bandar kifi take yi. Na je da niyyar in manta da waƙar, amma yatsuna suka ƙi. Ina zaune bakin murhun banda, hayaƙi na shiga mini ido, sai in ga hannuna ya tashi da kansa, yatsu na buɗewa, ina rera waƙar cikin maƙogwaro. A can, inda babu akwatin da zai tona mini asiri, na fara gane cewa tsallen nan ba na damtse ba ne, buɗe yatsu ne kawai gaba ɗaya. Ban lura Goggo na kallona ba.

"Ke, mi kike kamawa cikin iska?"

Na ce kiɗa nake koyo.

"Kiɗa? Ina gangar?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta dube ni, ta dubi hannun, ta ci gaba da juya kifinta. Da zan tafi ta tofa mini addu'a a ka fiye da yadda ta saba.

Ranar tafiyar Mama, da hantsi, motar kayanta na tsaye a ƙofar gida an gama ɗaure katifu. Ta shigo ɗakina da jakarta a hannu, ta zauna bakin gado can nesa da sandar. Na daidaita akwatin, na ce bismilla a zuciyata, na fara. Sautin ya zauna. Na doshi wurin tsallen nan ke nan sai na ji sallama a bakin ƙofa. Goggo ce, da kwandon banda a ka. Ashe tun da na baro Argungu hankalinta bai kwanta ba.

Ban yi shawara da kaina ba. Tun ina yarinya ban taɓa amsa gaisuwar Goggo a tsaye ba. Gwiwoyina suka kai ƙasa, hannuwana suka bar wurinsu, akwatin ya saki wani nishi mai kauri kamar sa a mayanka. Goggo ta yi salati ta dire kwandon. Ta matso don ta ga abin, shi kuma da ya ji ta kusa da sandar sai ya ƙwalla ƙara har ta toshe kunne.

"Wanga shi na kiɗan? Abin da ka kuka ba a taɓa shi ba?"

Mama ta gaishe ta cikin ladabi, ta ce ba aljani ba ne, lantarki ne. Goggo ta amsa a taƙaice, ta jawo kujera ta zauna dab da hannuna na dama, tsakanina da abin da take zargi, ta fiddo tazbaha. A waje direba ya danna ham.

"Saura sau ɗaya, 'yata," in ji Mama a hankali. "Hanya da nisa."

Na murɗa ɗan maɓallin saiti da ke jikin akwatin na sake daidaita shi da Goggo a wurin, tunda ba ni da bakin cewa ta tashi. Na ɗaga hannu na kama sautin farko. Sai na ji yana rawa, ƙasa, sama, ƙasa, sama, alhali yatsuna ba su motsa ba. Na saci kallo. Hannun Goggo ne, yana jan tazbaha yana lilo kusa da sandar. Da wannan rawar ba zan iya kai waƙar ko'ina ba.

Na sauke hannun hagu, ɗakin ya yi tsit. Matar nan ko muryata ban taɓa ɗagawa a gabanta ba, ga shi addu'a take yi, kuma domina take yin ta.

"Goggo," na ce, "don Allah ki aje tazbahar. Kada ki motsa sai na gama."

Ta dube ni kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Direba ya sake danna ham. A hankali ta ɗora tazbahar a cinya, ta naɗe hannuwa, ta kafe kamar an dasa ta.

Na kaɗa. Ban hango leshi ba, ban hango jama'a ba, numfashin Goggo kawai nake ji a gefena, ina tsoron ko tari ya kama ta. Da na zo wurin tsallen na buɗe yatsu gaba ɗaya. Na ɗan sauka ƙasa da sautin, na ja shi ya hau, na wuce. Ban tsaya ba har ƙarshe.

Mama ta miƙe ta gyara ɗankwalinta.

"Tsakiyar nan da saura," ta ce. "Ki riƙa goge masa ƙura da busasshen tsumma, ban da ruwa."

Ta shafa saman akwatin sau ɗaya, ya yi ɗan kuka a ƙarƙashin hannunta, ta fita da sauri. Na raka ta har mota, muka rungume juna, ta tafi.

Da na dawo na tarar Goggo ta yafa mayafinta. Na kawo ruwa, na kawo fura, ta ce ta ƙoshi. Na durƙusa na ba ta haƙuri.

"Ni kinka ce in aje tazbaha," ta ce. "Gaban baƙuwa."

Ta bar mini kwandon bandar, ta ƙi yarda in raka ta tasha. Teramin yana ɗakina har yau, ina kuma kaɗa shi. Goggo ta ci gaba da zuwa Birnin Kebbi, muna gaisawa, muna hira, amma a tsakar gida take shimfiɗa tabarmarta, ɗakin nan ba ta sake shigarsa ba.