Kujeru Biyu a Jirgin Yamai

Ina da shekara ashirin da ɗaya na sami aiki a buron kamfanin jirgin sama a Agadas, ƴan shekaru kaɗan bayan Nasara sun miƙa mulki. A wancan zamani duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya iya rubuta faransanci ba tare da ya ɓata takarda da tawada ba, ba ya rasa tabur da kujera. Ni ɗan dukawa ne. Mahaifina jaka da takalmi yake ɗinkawa a bakin kasuwa, kakana kuma da ayari ya zo daga Damagaram bai koma ba. Ranar da na fara ɗaura karabat a wuya irin na Nasara, mahaifiyata ta bi ni da kallo har na sha kwana.

Jirgi sau ɗaya yake zuwa a mako. Ya tashi daga wurinmu ya sauka Tawa, daga can ya wuce Yamai. Ƙarami ne. Idan yana tsaye hancinsa na sama, wutsiyarsa na ƙasa, sai mutum ya shiga ta ƙofar baya ya yi ta hawa kamar mai hawan tudu. Kujerunsa bibbiyu ne a hannun hagu, ɗaiɗai a hannun dama.

Aikina shi ne in auna kaya, in rubuta sunayen matafiya, in raba musu kujeru. Shugaban buron wani tsohon Nasara ne, abu ɗaya kawai ya dame shi: kada nauyi ya taru a gefe guda. Sauran ya bar mini. Sai na ƙirƙiro tsari na kaina. Manyan gwamnati a gaba, sai ƴan kasuwa bisa wanda ya riga sayen tike, sauran jama'a kuma su cike inda ya rage. Idan wani ya yi ƙorafi sai in buga yatsa a kan takarda in ce, "Doka ce." Mutane su ɗauka daga Yamai aka aiko ta. Ni na rubuta ta da hannuna.

Akwai wani dattijo Ba'abzine mutumin Tabalot, mai lambu, abokin mahaifina tun kafin a haife ni. Duk lokacin da ya sauko da albasa kasuwa, a zaurenmu yake sauke kaya, a nan yake kwana. Baba nake ce masa. Shi ya fara ɗora ni a kan raƙumi. Matarsa kuwa ban santa sosai ba, don ba ta cika saukowa gari ba, sai da yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Ɗansu soja ne a Yamai. Shi ya sami likitan da zai yi mata aiki, ya aiko musu da tike biyu.

Ana gobe tafiya Baba ya zo buro. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya tsaya gaban taburina.

"Ɗana," ya ce, "innarka ba ta gani, hausarta ma ba ta da yawa. Mota ma ba ta taɓa shiga ba sai da muka sauko. Ka haɗa mu wuri ɗaya."

Na ce, "Za a duba, Baba."

Na riga na duba. Jirgin wannan mako a cike yake. Kujerun gaba an loda musu buhunan wasiƙu. Akwai ma'aikatan gwamnati da suka zo rangadi za su koma, akwai wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da matarsa mai goyo, akwai wani mai karyayyar ƙafa da ɗan'uwansa mai riƙe shi. Kujeru biyu a haɗe da suka rage na riga na rubuta su da sunan wani Alhaji da ƙanensa.

Alhajin nan babban ɗan kasuwa ne, gishirin Bilma da dabino yake fatauci. Gaskiya ne ya riga Baba sayen tike da mako uku, kuma da wannan gaskiyar na yi ta lallashin zuciyata. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Ƴarsa nake nema. Manyana sun je gaisuwa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ina so ya shiga jirgi ya tarar da kujera kusa da taga, ƙanensa a gefensa, ya ce a ransa ɗan badukun nan ya san girman mutane. Shi da ƙanensa duk maza ne masu gemu, lafiyarsu lau, sun sha zuwa Yamai. Da na je na tsuguna na faɗa masa halin da ake ciki, da magana ta ƙare. Gidansa bai fi tafiyar shan shayi ɗaya daga buro ba. Ban je ba.

Washegari da hantsi muka taru a filin jirgi. Na tsaya a gindin matakala da takardata ina kiran sunaye. Baba da Inna su ne na ƙarshe. Tana lulluɓe da baƙin zane, hannunta na dama a damƙe da hannun rigarsa. Duk inda ya sa ƙafa, nan take sawa. Da ƙafarta ta taɓa ƙarfen matakala sai ta ja baya, ya yi mata magana a hankali da yarensu, sannan ta hau.

Na shige gabansu na kai su layi na uku, kujera guda a hannun dama. Na ce, "Nan ne wurin Inna. Kai naka yana can baya, kusa da ƙofa."

Baba ya dubi kujerar, ya dube ni. "Ɗana, ba haka muka yi ba."

"Ba mu yi komai ba, Baba. Cewa na yi za a duba."

"To duba mana yanzu. Ga mutane nan zaune, tambaye su."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan gwamnati ya ɗaga hannu ya kalli agogonsa. Matuƙin jirgi ya leƙo daga ɗakinsa ya tambaye ni da faransanci abin da ake jira. Alhaji yana layin baya kaɗan, ya juya fuska ga taga yana jan carbi, bai san abin da ake yi ba. Sai na ji bakina yana amsa wa Baba da faransanci, yaren da na san ba ya jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Na ce masa doka ce, ba a canza wuri a cikin jirgi.

Baba ya zaunar da ita. Na ɗaura mata ɗamarar kujera. Amma hannunta bai saki rigarsa ba. Ya yi mata magana, ta girgiza kai, ta ƙara damƙewa.

Abin da na yi bayan wannan shi ne dalilin wannan rubutu. Na sa hannuna a kan nata, na ɓamɓare yatsunta daga rigar mijinta, ɗaya bayan ɗaya. Yatsun siririya ne, masu sanyi, akwai zoben azurfa a na tsakiya. Ba ta yi kokawa da ni ba. Da na cire na ƙarshe sai hannun ya tsaya a iska yana lalube. Ina jin yaren Abzinawa kaɗan-kaɗan, kamar kowane ɗan Agadas. Na ji ta ce, "Ina za ka?" Shi kuma ya ce, "Ina nan bayanki."

Na raka shi har kujerarsa ta baya. Bai dube ni ba. Na sauka, aka rufe ƙofa, jirgi ya tashi. Na koma buro na rubuta cewa an tashi a kan lokaci.

Bayan mako guda jirgi ya dawo. Akwai wani Bazabarme mai kula da matafiya a ciki, muna ɗan wasa da shi. Ran nan bai yi wasa ba. Ya ja ni inuwar fiffike ya ce, "Kai ka raba makauniyar nan da mijinta?"

Ya ba ni labari. Da jirgi ya fara ruri ya zabura, Inna ta ƙwalla ƙara tana kiran sunan mijinta, abin da matan Abzin ba sa yi a gaban mutane. Tana ta fizgar ɗamara tana neman tashi. Baba ya kwance tasa ɗamarar tun jirgi bai gama hawa ba, ya rarrafo a tsakanin kujeru da hannu da gwiwa, rawaninsa na warwarewa. Bazabarmen ya yi masa tsawa ya koma, ko waiwaye bai yi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta ya riƙe mata ƙafa. Sai ta yi shiru. A nan Alhaji ya tashi tsaye, ya tambayi abin da ke faruwa. Da ya ji, ya tashi ƙanensa, suka ɗauki tsohuwar a tsakaninsu suka zaunar da ita a wurinsu, ita da mijinta. Alhaji ya tafi kujerar baya kusa da ƙofa, inda jirgi ya fi girgiza, ya yi ta amai har Tawa.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Amma Agadas ba ta riƙe magana. Wata rana na dawo cin abincin rana na tarar da mahaifina a zaure yana huɗa fata. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Can sai ya ce, "An ce ka iya faransanci sosai." Bai ƙara komai ba. Kwana da kwanaki a kasuwa yake cin abincinsa, don kada mu haɗa hannu a akushi ɗaya.

Da Alhaji ya dawo ya aiko a kira ni. Na tafi. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, na tsuguna nesa.

"Matso," ya ce. "Yaro, kai ka rubuta mini kujerar nan?"

"Ni ne, Alhaji. Kun riga su sayen tike."

"Na riga su. Da ka zo ka ce mini in bar wa wani ƙato mai lafiya don ya fi ni muƙami, da mun yi rigima da kai, don ni ma tafiyar sama ba ta yi mini daɗi, taga ce ke rage mini jiri. Amma makauniya? Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ƙara jefo mini wata tambayar.

"Ka zaci zan ƙi?"

"A'a, Alhaji."

"Ka zaci. In ba haka ba da ka zo." Ya gyara zama. "Ka sa tsoho ya yi rarrafe a gaban jama'a da sunana. Duk wanda ke cikin jirgin nan ya ɗauka ni na ce a yi mini haka."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na yi ta ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce in tafi. Maganar aure ta kwanta kusan shekara. Daga baya ya ba ni ita, don darajar mahaifina ya ba ni, ba don ni ba, kuma ya tabbata na san haka.

Baba da Inna sun yi wata biyu a Yamai. A kamiyo, babbar motar kaya, suka dawo, kwana huɗu a hanya, ko da yake tikensu na zuwa da dawowa ne. An ceto mata ido ɗaya. Suka sauka a gidanmu kamar kullum. Na so in ɓuya a buro har su wuce Tabalot, mahaifiyata ta aiko ta ce in ban zo na gaishe su ba, kada in sake cin tuwonta.

Na shiga tsakar gida na same su a inuwar rumfa. Inna tana sanye da wani tabarau mai kauri, tana ta juya ƙwaryar mahaifiyata tana kallon zanen jikinta. Na durƙusa na ce, "Sannunku da hanya, Baba. Inna, ya jiki?"

Ta ajiye ƙwaryar. Muryar ta gane. Ta karkato da kai don idon mai gani ya same ni, ta dube ni tun daga takalmi har hula, ta daɗe tana duba. Sannan ta juya ga mijinta ta yi magana da hausarta mai karyewa, ina jin don ni ma in ji.

"Wannan ne? Ashe yaro ne. Na ɗauka wani babban mutum ne."

Ba da zafi ta faɗa ba. Mamaki take yi da gaske. Baba ya ce, "Ɗan abokina ne, ai na faɗa miki." Ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni zafi, na amsa. Na shirya kalmomin neman gafara tun a hanya, amma da na buɗe baki sai mahaifiyata ta shigo da fura, aka shiga maganar tsadar hatsi a Yamai. Na bar maganar a kan zan yi ta gobe. Da asuba suka kama hanya.

Na yi shekara tara a wannan aiki. Daga wannan lokaci, duk jirgin da zai tashi sai in tara matafiya a inuwa tun kafin a buɗe ƙofa, in ce ga mai goyo, ga tsoho, ga marar lafiya, wa zai matsa? Wani ya matsa da fara'a, wani ya ce shi ma da dalilinsa, kuma sau da yawa dalilin nasa na gaskiya ne. Wani babba ya taɓa kai ƙarata wurin shugaban buro, ya ce na mai da filin jirgi kasuwar awaki. An sha jinkirta tashi saboda gardama.

Baba ya ci gaba da sauka a zaurenmu har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma kullum sai in ga lokacin bai dace ba. Labarin rasuwarsa wani mai lambu ne ya kawo mana, bayan an yi sadakar bakwai.