Ƙwaryar Furar Baba

Wata Alhamis ce bayan yankan gero, shekarar da na cika sha uku. Ana suna a gidan maƙwabtanmu, mata sun cika tsakar gida, masu daka na daka, masu tankaɗe na tankaɗe, sai aka ce tsohuwar da ke yi musu kiɗan ƙwarya zazzaɓi ya kwantar da ita. Ina bakin rijiya da guga a hannu na ji kiɗa ya tashi. Na leƙa ta kan danga, sai ga ƙanwata Hanne, 'yar shekara tara, durƙushe gaban masaki cike da ruwa, ta kife ƙwarya a kai tana duka da 'yan sanduna biyu. Ƙwaryar kuwa na gane ta tun daga nesa. Ita ce wadda ake dama wa Babanmu fura a ciki, wadda ko ƙasa ba a ajiye ta.

Ni ce babba a ɗakinmu, ba a sa ni makaranta ba, tsaron ƙanne aka sa ni. "Idonki a kansu," abin da Inna ke ce mini ke nan kullum in za ta gona. Na kuwa riƙe aikin da gaske. Na san wanda ya ci tuwo bai wanke hannu ba, na san wanda ya bar akuya ta shiga dawa. Hanne ce ta fi ba ni wahala, don duk abin da ta taɓa sai ya yi magana. In an ba ta sussuka sai ta mai da ita lugude, in an aike ta rafi sai ta zauna tana buga bakin tulu da tafin hannu har rana ta take, a dandali kuwa ba a fara gaɗa sai ta iso.

Ran nan na tsaya na kalle ta, kuma gaskiya ɗaya ce, ta iya. In ta ɗan ɗaga gefen ƙwaryar sautin ya sauya, in ta danna ta cikin ruwan ya sake sauyawa, ka ji shi har cikin ƙirji. Ba ƙwaryar take kallo ba, ƙafafun matan take kallo. Ta ga tsofaffi sun fara haki sai ta sassauta, ta ga 'yan mata sun shigo fili sai ta ƙara wuta, kuma tana sauya kiɗa zuwa wani ba tare da ƙafa ko ɗaya ta ruɗe ba. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai, 'yar nan ta san ƙafafunmu!" Ni kuwa duk tsaron da nake yi, ba a taɓa yi mini guɗa ba.

Ba wanda ya aike ni. Na tsallaka danga na ratsa matan, na fizge ƙwaryar, ta kuɓuce mini ta bugi bakin turmi ta rabe biyu. Na ce, kowa na ji, "Gidanmu ba a haifi maroƙa ba." Hanne ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye sandunan ta bi bayana. Da Baba ya ji, abin da ya ce kawai, a kai a ɗinke ta. Aka ɗinke, ta koma ta zuba gari. Ɗinkakkiyar ƙwarya ba ta kiɗa a kan ruwa, iska ta ɗinkin take fita.

Hanne ba ta ƙara bugawa ba. Muka girma, muka aurar da 'ya'ya, amma ko da furfura a kanta, in na shigo ɗaki na tarar yatsunta na motsi a kan gwiwa, tana ganina sai ta naɗe hannun cikin zane. Damina biyu ke nan da rasuwarta. Ban taɓa neman gafararta kan wannan ba, ina ganin ai abin yara ne.

Yanzu ina Doha wajen ɗana, a unguwar Arrayyan muke zaune, yana aiki a garin Lusail. Kwanaki aka kai ni bikin 'yar maƙwabta. A nan namiji ba ya shiga zauren mata, don haka mai sa kiɗan ma mace ce, DJ suke ce mata. Ba ganga, ba ƙwarya, sai na'ura da abin ji a kunne ɗaya, da wani dum-dum mai girgiza kujera. Na zauna na haɗe rai, har na lura da idanun mai sa kiɗan. Ƙafafu take kallo.

Jikata Amira, 'yar sha bakwai, tana da ƙaramar irin na'urar a ɗakinta. Ubanta ya same ni ya ce, "Hajiya, ki yi mata magana, ke kaɗai take shakka." Na tashi na tura ƙofar. Tana ganina ta janye hannu daga kan na'urar ta ɓoye shi a baya.

Na ce, "Ke, wa ya ce ki tsaya? In an kira salla ki kashe, in an idar ki ci gaba." Ubanta kuwa na ce masa na taɓa hanawa sau ɗaya, ta ishe ni.

Da, ƙwarya da ruwa da kara sun isa a tashi unguwa, sai dai Hanne ba ta samu mai tsaya mata ba. Yau gidan nan duk roba ne da gilashi, na duba ko'ina ban ga ƙwarya ko ɗaya ba. In kiɗan Amira ya ratso bango, nakan ji yatsuna suna motsi a kan gwiwa, ba na kuma naɗe su. Hanne ce dai ba ta nan ta gani.